Gyaran Ranar Bon

Shagona yana bakin kasuwar Dakoro, a layin masu hatsi, kuma tun ina saurayi nake awo. Karatuna bai yi nisa ba. Da na iya rubuta sunana da haɗa lissafi sai mahaifina ya fitar da ni daga lakwal ya ɗora ni kan tiya, kwanon awon hatsi. Abin da na sani a duniya shi ne tsari. Da safe a share gaban shago, a shimfiɗa tabarma, a kwance bakin buhu, a kife tiya a kansa, sannan a zauna. Wanda ya fara zuwa shi ake fara sallama. Ban taɓa ganin amfanin sauya wannan ba.

A shekarun da damina ta riƙa yi mana gardama, wani furoje na ƙungiyar agaji ya shigo da abin da suke kira bon. Ƴar takarda ce da ake ba magidancin da rumbunsa ya ƙare, ya kawo ta shago ya karɓi hatsi da wake da mai da gishiri, daga baya furoje ya biya mai shago. An zaɓi shaguna ƴan kaɗan a cikin gari, nawa na ciki. Mai bon dole ya zo da ƙafarsa, ya nuna katinsa ga ma'aikaciyar furoje da ke zama kan benci a gefen ƙofata, ya dangwala yatsa, sannan in auna masa. Kuma kowane bon yana da ranar mutuwarsa. In ranar ta faɗi ba ka karɓa ba, takardarka ta zama ta ƙunsa ƙosai.

Ban san wata rana mai gajiyarwa kamar ranar bon ba. Kafin in iso shago layi ya riga ya kai bakin hanya, mata a gefe ɗaya, maza a gefe ɗaya, jakuna da amalanke sun toshe wa kowa hanya. Ƙaiƙayin hatsi ya shiga wuyan riga, kafaɗa ta yi tsami, ga surutu. Na gaya wa mutane yadda nake so a yi, na maimaita har bakina ya gaji. Ka fara da sallama, bon bai ɗauke maka gaisuwa ba. Ka fito da takardarka tun kana cikin layi, kada sai ka iso gabana ka fara kwance bakin zane, ƙulli cikin ƙulli, mutane na tsaye cikin rana a bayanka. Ka duba buhunka tun daga gida ko ɓera ya huda shi. Kada ka ce in musanya maka mai da sukari da ganyen shayi, ko in ba ka kuɗi a madadin wake. Ba ni da ikon haka, kuma roƙon da kake yi lokacin wani yake ci. In tsohuwa ko mai goyo tana bayanka, ka matsa mata. In mai kuɗi a hannu ya zo sayen tiya guda ta tuwon dare, a bar shi ya wuce, shi kuma kada ya tsaya yana ƙare wa mutane kallo kamar ya zo ƙirga waɗanda suka talauce. Wasu sun ji. Da yawa sai na sake faɗi a wata mai zuwa.

Ni ma ina da nawa ɓangaren. Ba na kiran kowa "mai bon". Ba na ɗaga takardar mutum sama in karanta ta da ƙarfi. Buhun da nake auna wa mai kuɗi shi nake auna wa mai takarda, ba na ware musu tsohon hatsi mai tsakuwa. Sannan ina yin gyara. Wasu abokan sana'ata sun ce tunda babu ciniki a bon to babu gyara, furoje tiya yake biya, ba ya biyan hannu. Ni kuwa na ga mutumin da aka auna wa hatsi aka ɗaure buhu ba a jefa masa ko tafi guda ba, an gaya masa ke nan ba saye ya zo yi ba. Don haka awona iri ɗaya ne ga kowa. In cika tiya, in bar ta ta yi tozo, in juye, in an gama in ƙara hannu ɗaya. Hannun nan ba ya ƙaruwa don na san ka, ba ya raguwa don ka ɓata mini rai.

Matata Bafillata ce. Mahaifinta makiyayi ne daga wajen Azagor, yana ɗan taɓa noma kusa da rijiyarsu, kuma lokacin da na auri ɗiyarsa mutum ne mai shanu. Tsakanina da shi akwai kunyar da ke tsakanin suruki da mijin ɗiya, tasa kuwa ta fi ta Hausawa nauyi. Bai taɓa cin abinci a gabana ba. Bai taɓa kiran sunana ba. In na je gaishe shi nakan tuɓe takalmi tun daga nesa in durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri. In ya kawo dabba kasuwa yakan zagaya ta bayan mahauta don kada hanya ta biyo da shi layin masu hatsi.

Shanun suka tafi a hankali. Wasu fari ya kashe, wasu aka sayar don a ciyar da sauran. Ɗansa namiji ya tafi ci-rani arewa ya bar masa mata da ƴaƴa, aike kuma ya yi wuya. Mun yi abin da ya kamata. Na aika da buhun hatsi, sai ga akuya an jawo mana. Na sake aikawa, sai ga wata. Da awakin suka ƙare sai buhun kansa ya riƙa dawowa, ɗaurin da na yi masa ko kwance shi ba a yi ba, tare da saƙon godiya da cewa suna da abin da ya ishe su. Matata ta je ta dawo tana kuka. Ta ce ƴaƴan anza na daji ake jiƙawa a gidan, a yi ta sauya ruwa har ɗacin ya fita, shi jikokin ke ci.

Da muka ji an sa sunansa cikin masu bon, ta yi hamdala. Ni na san shagon da zai je ba nawa ba ne, haka kuwa aka yi. Watan farko ya karɓa a can ƙarshen kasuwa, ko inuwarsa ban gani ba.

A wata na gaba ruwa ya ɓata hanya, kamiyon da ke kawo hatsi daga Maradi bai iso ba. Kafin hantsi ya yi zafi sauran shagunan sun kakkaɓe buhunansu. Ni na riga na sayi nawa a kasuwar Kornaka na jibge a magaza, ɗakin ajiyar da ke manne a bayan shagona, don ba na son jiran mota. Sai kowa ya juyo wurina. Kuma ranar ce ta ƙarshe ga bon ɗin watan.

Ina cikin awo na ɗaga kai na hango shi. Akwai itacen bedi a tsallaken hanya, daidai ƙofata. Ya ɗaure jakinsa a gindin, ya zauna kan saiwa, malfarsa a gwiwa, buhu a naɗe ƙarƙashin hammata, ya ba shagon gefen fuska. Na mayar da idona kan tiya da sauri. Na san ya gan ni, ya kuma san na gan shi, amma muddin ba mu haɗa ido ba babu wanda ya ga wani.

Bai shiga layi ba. Na ji wata mata tana ce masa, "Baba, taho ka wuce gaba mana, rana na cinka." Ya ce mata wani yake jira. Aka kira azahar, na yi salla a gefen shago kamar yadda na saba ranar bon, na dawo yana nan. Layi yana raguwa, hatsi yana raguwa, inuwar bedin tana juyawa, shi ma yana matsawa yana bin ta.

Hannuna na awo, zuciyata na jera hanyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, in aika a kira matata. Na ga wannan ya fi muni, don ganinta zai sa ya hau jaki. Ta biyu, in auna rabonsa in sa a tsallaka masa da shi. Buhun zai dawo kamar ƴan'uwansa, kuma ba a karɓar bon sai da yatsan mai shi. Ta uku, in je da kaina in durƙusa in roƙe shi. Zai amsa gaisuwata, ya ce yana da uzuri, ya tafi, ni kuma na kunyata shi a gaban kasuwa. Duk inda na bi, ƙarshensa jikokin nan za su ƙara wata guda kan anza. Shi kuwa na san shi. Ya gwammace takardar ta mutu a aljihunsa da ya tsaya gaban mijin ɗiyarsa ya buɗe bakin buhu.

Maƙwabcina a layin Babarbare ne mai sayar da kanwa da gishirin manda, dattijo mai baki, wanda ba ya barin Bafillace ya wuce ƙofarsa ba tare da ya tsokane shi ba, kamar yadda wasan da ke tsakaninsu ya ba shi dama. Bayan la'asar ya matso kusa da ni kamar mai neman aron tsintsiya.

"Malam, ka ga abin da na gani?"

"Ban ga komi ba," na ce.

"To, ni ma ban gani ba. Sai dai rana na shirin faɗuwa kan abin nan da ba mu gani ba."

Na gama auna wa matar da ke gabana, na ɗaure mata. Sannan na ce masa, "Ka iya riƙon tiya?"

"Ni da nake awo tun kana tsotson yatsa?"

Na tambayi ma'aikaciyar furoje ko akwai laifi wani ya auna a madadina. Yarinyar ta gaji, yatsunta duk tawada. Ta ce in dai awon ya cika ba ruwanta da hannun da ya auna.

Tunda aka fara bon ban taɓa barin shagona ranar ba, kuma ba na son in faɗi abin da ba haka yake ba. Amma akwai abu ɗaya na gaskiya da zan iya yi. Na miƙe, na kakkaɓe rigata, na ɗaga murya yadda za a ji har tsallaken hanya na ce zan je tasha in tambayi labarin kamiyon Maradi, ga maƙwabcina zai ci gaba da sallamar mutane. Ƴan layi suka yi gunaguni. Wata ta ce, "Yanzu kuma, Malam? Kamiyon da kowa ya san shina can cikin taɓo?" Na bi hanyar tasha ban waiwaya ba.

A tasha aka gaya mini abin da na riga na sani. Na ɗan tsaya, na dawo ta lungun baya, na shiga magaza ta ƙaramar ƙofa. Kwano ne kawai tsakaninta da shago, ana jin komi. Na yi zaton an gama, ashe ba a fara ba. Maƙwabcina yana sallamar matan ƙarshe, tsohon bai motsa ba. Fita ba dama, sai na zauna kan buhu cikin zafin kwano, zufa na bin bayana.

Da layi ya kusa ƙarewa na ji Babarbaren ya ɗaga murya.

"Kai, Bafillace. Tun safe kana zaune kana kallon ubangidanka, ba ka iya tasowa ka kwashi gaisuwa?"

Sannan muryar surukina ta zo daga nesa, a hankali.

"Wane ubangida? Ni dai wani Babarbare nake gani cikin shagon mutane. Ina tunanin ko in kira jandarma."

"Shagon nawa ne yau. Mai shi ya gudu tasha ya bar mini gado. Taho in sayar maka da hatsi kafin in kwashe shi in kai ƙasarmu."

"Ku da hatsi? Ku da aka yaye da kanwa?"

"Taho dai. In kuɗi ne kawo, in takarda ce kawo. In nono ne ka koma da abinka, na san rabinsa ruwan rijiya ne."

Matan da suka rage suka yi dariya. Na ji takun jaki yana tsallako hanya. Na ji ya yi sallama, ya gaishe da ma'aikaciyar da matan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiyarsu. Takardarsa tana hannu, ba ta ɓata wa kowa lokaci ba. Ya dangwala yatsa. Sai aka fara awo.

Kunnena ya san ƙarar tiya kamar yadda ya san muryar ƴaƴana. Na ji maƙwabcina ya kai iyakar abin da bon ya ce, ya zarce da wata tiya, sannan ya shiga zuba hannu ba tsayawa. Ban sa shi ba, amma na ji daɗi a raina. Na ce cikin zuciyata, zuba, Allah ya yi maka albarka.

"Tsaya," in ji tsohon. Babu wasa a muryarsa.

"Mi kuma?"

"Juye shi."

"In juye mi? Bafillace, rana ta taɓa maka kai?"

"Tun hantsi nake kallon hannun mai shagon nan. Shina cika tiya, ta yi tozo, ya juye. In ya gama, hannu guda. Haka ya yi wa mai kuɗi, haka ya yi wa tsohuwar da aka jawo da sanda, haka ya yi wa limamin unguwarsu. Kai ka ƙara tiya, ka zuba hannun da ban san iyakarsa ba."

"Hannuna ne, ina ruwanka? Kyautar ubangida ce ga yaronsa."

"Hannunka ne, hatsin ba naka ba ne. In kanwa za ka ba ni, ɗebo daga taka, in karɓa in ce ka yi rowa. Wanga hatsi na san mai shi. Auna mini abin da takarda ta ce, ka ƙara abin da aka ƙara wa kowa."

Maƙwabcina ya yi ta ƙunƙuni yana cewa bai taɓa ganin mai saye da ke faɗa don an cika masa ba, sai Bafillace. Amma ya juye. Na ji hatsin yana komawa buhuna, na ji an sake awo daga farko, tiya bayan tiya, sannan hannu ɗaya. Aka ba shi wake da mai da gishirinsa. Babarbaren ya je rumfarsa ya ɗauko dunƙulen kanwa ya ce na jaki ne, don jakin ya fi mai shi hankali. Tsohon ya ce ƙarama ce, amma zai karɓa don kada yaro ya ji kunya. Ya yi wa kowa sallama ya tafi.

Na jira har takun jakin ya ɓace. Na fita ta baya, na zagaya, na ɓullo ta hanyar tasha, na ce kamiyo bai iso ba.

"Surukinka," maƙwabcina ya fara.

"Ban tambaye ka ba."

"To. Wani Bafillace dai ya zo ya koya mini awo."

A gida na ce wa matata an sallami kowa, babu wanda takardarsa ta mutu. Ta dube ni, ta ci gaba da tuƙin tuwo.

Abinci ya isa gidan, wannan shi ne babba. Amma maganarsa ta zauna mini. Mutumin nan ba zai karɓi ƙwaya ɗaya daga wurina ba sai irin wadda ya ga na ba kowa. Ke nan iyakar abin da zan iya ba jikokinsa shi ne abin da nake ba duk wanda ya tsaya gabana.

A wata na gaba hanya ta gyaru, kowane shago yana da hatsi. Duk da haka, ina cikin shara da safe na ga jakin a gindin bedi. Ko don an ce wancan shagon tsohon hatsi yake ba masu takarda, ko don Babarbaren, ban sani ba. Na shimfiɗa tabarma, na kwance buhu, na zauna. Matar farko ta miƙo bon ɗinta. Na auna mata, na ƙara hannu, sannan na sake ɗebo wani na ƙara. Ta tsaya tana kallona.

"Malam, lafiya?"

"Ɗaure buhunki, akwai mutane a bayanki."

Yinin nan duka hannu biyu na yi. Na yi wa mai takarda, na yi wa mai kuɗi, na yi wa wanda ya zo ba sallama, na yi wa wadda ta tsaya tana roƙon in mayar mata da wake sukari. Bayan la'asar na miƙe na ce zan je tasha, ko da yake wannan karon gaisuwa kawai na kai wa mutanen tasha. Na dawo ta lungu na zauna a magaza. Maƙwabcina da tsohon suka yi faɗansu kamar yadda suka saba. Maƙwabcina ya auna daidai, ya zuba hannu ɗaya, ya tsaya da gangan.

"Yau biyu yake yi," in ji tsohon.

"Au, ashe kana ƙirgawa."

"In Babarbare ne ke awo, dole."

Na ji hannu na biyu ya zuba cikin buhu.

Na san tafin hatsi ba wani abu ba ne. Kunun safiya ne na yaro ɗaya, ko biyu in an tsinka shi. Abin da hanya ta ba ni ke nan, shi na bi. Haka muka yi har kaka ta zo aka daina bon, haka muka sake yi a shekarun da ya dawo. Surukina ya rasu bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Har ya bar duniya bai kira sunana ba, bai kuma taka shagona ina ciki ba.

Hannu biyun ne ya ƙi tafiya. Bayan rasuwarsa na gwada komawa ɗaya. Na auna wa wata mata, na ƙara hannu, na kai hannu ga igiya zan ɗaure. Ta riƙe bakin buhunta a buɗe ta ce, "Malam, saura guda." Na dubi layin da ke bayanta, kowa idonsa na kan hannuna. Na ɗebo na ƙara. Abokan sana'ata suna cewa na ɓata musu kasuwa, kuma da gaskiyarsu. Kafaɗata yanzu ba ta kai la'asar ba tare da ta yi tsami ba. Har yau ana isowa gabana a fara kwance ƙulli, har yau ina cewa a fara da sallama. In layi ya yi tsawo nakan ɗaga kai in dubi gindin bedin, in ga masu gyaran babur ne zaune a wurin, in mayar da idona kan tiya.